Sashe na 45: Rabin Darasin da Ba a Koya wa 'Yan Ƙaramar Sakandare

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba 2024, aka shigo da gomman matasa Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Da yawansu yara ne da ba su kai shekara 18 ba. An kamo su ne daga Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, suka shafe kusan wata uku a tsare, kuma tuhumar da ake yi musu har da cin amanar ƙasa. Ana cikin zaman kotun wasu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Kafin magariba hotunansu sun zagaye ƙasa, duk sun rame sun yi zuru-zuru. Bayan kwana uku Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a sake su.

A wancan makon muhawara ta kaure a majalisu da gidajen rediyo. Wasu suka ce yaran nan 'yancinsu suka yi amfani da shi, tunda tsarin mulki ya ba kowa damar taro da faɗin albarkacin baki. Wasu suka ce ai 'yanci yana da iyaka, a Kano an fasa wurare an kwashi kaya, an ɗaga tutar wata ƙasa, hukuma ba za ta naɗe hannu ba. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya yana jifan ɗan'uwansa da ita. Wanda ya fasa shago ya wuce iyakarsa, babu ja. Amma ita ma hukuma tana da tata iyakar. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta ce ba a tsare yaro sai in babu wata mafita, kuma na ɗan gajeren lokaci, ta kuma ware wa yara tasu hanyar shari'a dabam da ta manya. Mutane kaɗan ne suka iya haɗa maganganun biyu a baki ɗaya, kuma ina ganin asalin wannan gazawa yana cikin aji.

Yadda ake koyarwa yanzu

Tun da Hukumar Tsara Manhajar Ilimi ta Ƙasa ta fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2007, darasin zama ɗan ƙasa ya samu gurbi a firamare da ƙaramar sakandare. An sha sauya masa suna, an haɗa shi da wasu darussa an raba, amma har yau yaro ɗan shekara 12 zuwa 14 yana haɗuwa da batun tsarin mulki da haƙƙoƙin ɗan'adam kafin ya zana jarrabawar aji uku.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin wannan aji ya san yadda abin yake tafiya. Malam ya rubuta jerin haƙƙoƙi a allo da Turanci, yara su kwafe, su rera tare da ƙarfi: 'yancin rayuwa, 'yancin addini, 'yancin magana, 'yancin zirga-zirga. Ranar jarrabawa a ce a kawo biyar, wanda ya haddace ya ci. Daga nan yaron ya fito ya ga an tsare yayansa a caji ofis ana neman kuɗin beli, alhali ga takarda manne a bango an rubuta beli kyauta ne. Ɗaya daga cikin abu biyu zai same shi. Ko ya yanke cewa abin da ke cikin littafi tatsuniya ce ta cin jarrabawa, ko kuma ya ɗauka 'yanci na nufin babu mai ce masa kul. Na farko zai girma yana sunkuyar da kai ga duk mai kaki. Na biyu shi ne wanda zai zagi mutum a Facebook, in an yi magana ya ce ai dimokuraɗiyya ake yi.

Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan'adam, sassa 14 ne kacal, daga na 33 zuwa na 46. Littattafan makaranta sukan yi bayanin na 33 zuwa na 44, su ba sashe na 45 layi biyu ko uku a ƙarƙashin taken iyakokin 'yanci. Alhali a nan ne duk rigimar take. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne: ana iya taƙaita haƙƙin sirri, da na addini, da na magana, da na taro, da na zirga-zirga, wato sassa na 37 zuwa 41, amma sai ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, sannan manufarta ta zama tsaron ƙasa, ko kare lafiyar jama'a da zaman lafiyarsu da tarbiyyarsu, ko kare haƙƙin wasu mutane.

A duba da kyau. Sashen bai ce duk wanda ke da iko yana iya taƙaita 'yanci ba. Sharuɗɗa ya gindaya wa mai taƙaitawar. Umarnin baki na wani babba ba doka ba ne. Jin haushin gwamna ba ya cikin manufofin da aka lissafa. Kuma sashe na 34, wanda ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan'adam da bautarwa, ba ya cikin waɗanda aka yarda a taɓa, ko da a lokacin dokar ta-ɓaci ne. Yaron da ya fahimci wannan ya samu abin da ya fi jerin haƙƙoƙi goma amfani, domin duk inda aka ce masa an hana, ya san abin da zai tambaya: wace doka ce ta hana, me ake karewa, kuma hanin bai wuce gona da iri ba? In an kasa daidaitawa, sashe na 46 ya nuna masa ƙofar Babbar Kotu. Alƙali ke raba gardama, ba mai bindiga ba, ba kuma taron jama'a ba.

Tsohuwar rigima ce

Wannan tsari ba soja ne suka ƙirƙiro shi a 1999 ba. A 1957 Turawan mulkin mallaka suka kafa kwamiti ƙarƙashin Henry Willink ya binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi na cewa manya za su danne su bayan samun mulkin kai. Kwamitin, a rahotonsa na 1958, bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki. An ɗauko fasalinsu daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta 1950, suka shiga tsarin mulkin 1960, kuma tun daga nan sharaɗin taƙaitawa yake biye da su.

Abin da ya kamata ya ja hankalin malamin Arewa shi ne, ɗaya daga cikin shari'o'in farko da aka gwada wannan sharaɗi a kansu, a kan yara aka yi ta, kuma a Arewa. A 1958, lokacin da jam'iyyun NPC da NEPU ke gumurzu, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga harkar siyasa. Aka ƙalubalanci dokar a shari'ar da lauyoyi suka sani da suna Cheranci da Cheranci, a 1960. Babbar Kotu ta ce dokar ta tsaya, domin kare tarbiyyar yara da zaman lafiya dalili ne karɓaɓɓe. Ka kawo wannan labari gaban 'yan aji biyu ka tambaye su: alƙalin ya yi daidai? Kare yaran ake yi, ko kuwa toshe bakin 'yan adawa? Ba za ka rasa masu ɗaga hannu ba, domin maganar sa'o'insu ake yi. Kuma babu laifi a tashi ba a cimma matsaya ɗaya ba. Manyan lauyoyi ma sun yi saɓani a kai.

Shari'ar da ta fi kusa da rayuwar ɗalibin yau ita ce ta hijabi a Legas. 'Yan mata biyu 'yan shekara 12, ɗaliban ƙaramar sakandaren gwamnati, su aka hana sa hijabi a kan yunifom, aka kai ƙara da goyon bayan Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya. A Oktoba 2014 Babbar Kotun jihar ta ba gwamnati gaskiya, ta ce ƙasa ba ta da addinin hukuma kuma yunifom na hana bambanci tsakanin yara. A Yuli 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci. Gwamnati ta wuce Kotun Ƙoli, inda ranar 17 ga Yuni 2022 alƙalai biyar cikin bakwai suka ce hanin ya saɓa wa sashe na 38. Yaran da aka fara shari'ar dominsu sun daɗe da barin makarantar kafin a kai ƙarshe, kuma wannan ma darasi ne da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba: kotu tana ba da gaskiya, amma tana da nawa.

A ajin da yawancinsa Musulmi ne, wannan labari zai samu tafi nan take. Malamin kirki ba zai tsaya a tafin ba. Zai karanta musu sakin layi na biyu na sashen na 38, wanda ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini ko shiga ibadarsa ba in ba nasa ba ne, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sai ya tambaye su: to yarinya Kirista da ke makarantar gwamnati a Gusau ko Dutse fa, in aka ce dole ta zauna darasin addinin Musulunci? Sashen da ya kare waccan shi ne ya kare wannan. Nan ne ake gane ko yaro ya fahimci 'yanci ko kuwa nasarar ɓangarensu kawai yake murna da ita. A ganina babu minti goma da suka fi waɗannan daraja a duk zangon karatun.

Ba mu kaɗai muka sha wannan gwagwarmaya ba. A Amurka, a Disamba 1965, an dakatar da Mary Beth Tinker, 'yar shekara 13, daga makaranta a garin Des Moines saboda ta ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don nuna adawa da yaƙin Biyetnam. A 1969 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ɗalibi ba ya ajiye 'yancinsa na magana don ya shiga makaranta, sai dai hukumar makaranta na iya hana abin da zai hargitsa karatu ƙwarai ko ya taka haƙƙin sauran ɗalibai. Haƙƙin da iyakarsa a hukunci ɗaya suka fito.

Tsoron iyaye

Akwai iyaye da malamai da ba sa son wannan darasi sam, kuma ban ga dalilin raina tsoronsu ba. Cewa suke yi yaran yanzu da ma idonsu a tsaitsaye yake, in ka ƙara musu da maganar 'yanci, gobe ɗanka zai ce ba ka isa ka aike shi ba. Uban da ya ga yadda waya ta sauya ɗansa cikin shekara ɗaya yana da hujjar damuwa.

Amsar tana cikin kundin kansa, in za a karanta shi duka. Sashe na 35, wanda ya ba kowa 'yancin walwala, ya ware wanda bai kai shekara 18 ba ya ce ana iya taƙaita walwalarsa domin karatunsa ko kyautata rayuwarsa. Wato rufe ƙofar makaranta bayan an buga ƙararrawa, ko uwa ta hana ɗanta fita bayan isha'i, ba keta tsarin mulki ba ne. Sashe na 24 kuma ya jero wajiban ɗan ƙasa, ciki har da mutunta darajar sauran mutane da haƙƙoƙinsu da zama da su lafiya. Yaron da ke zuwa Islamiyya ya riga ya san haƙƙin iyaye da na maƙwabci, ya san ba a cutar da wani don a ji daɗi. Ba baƙon tunani ake kawo masa ba.

Amma su ma iyaye ikonsu ba sakaka yake ba. Kotun Ƙoli ta nuna haka a shari'o'i biyu da suka shafi mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, waɗanda aƙidarsu ta hana ƙarin jini. A 2001 ta ce baligi mai hankali yana da damar ƙin magani saboda addininsa, ko da zai rasa ransa. A 2019, a shari'ar wani jariri da mahaifiyarsa ta ƙi yarda a ƙara masa jini, ta ce ran yaro ya fi ƙarfin aƙidar iyayensa, likita da kotu sun yi daidai da suka ceto shi. Addini ɗaya, sashe ɗaya, hukunci biyu, kuma ɗan aji uku zai iya gano dalilin bambancin da kansa in an ba shi dama ya yi tunani.

Sannan akwai abin da ya fi fitsarar yara haɗari, wanda mu manya muke yi. A Mayu 2022 taron ɗalibai ya kashe wata ɗaliba a kwalejin ilimi a Sakkwato bisa zargin ɓatanci. A ƙarshen Maris 2025 taron mutane ya ƙone mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zargin garkuwa da mutane. A wurare biyun, masu kisan sun gamsu cewa wanda ke gabansu ya wuce iyaka, sai suka zama 'yan sanda da alƙali da hauni a lokaci guda. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, kuma sai an saurare shi. Wanda bai koyi wannan yana ɗan shekara 13 ba, lokacin da ake cewa wane ya saci biro a taru a dake shi, da wuya ya tuna da shi yana ɗan shekara 23 a tsakiyar taron da ke ihu.

Misalan da yaran suka gani da idonsu

Malami ba ya buƙatar ƙirƙiro misali. A 2020 an kulle Kano da Legas da Abuja saboda annobar korona, aka rufe kasuwanni da makarantu, har sallar Juma'a aka dakatar. Lafiyar jama'a tana cikin dalilan sashe na 45, don haka akwai hujjar kullen. Amma a tsakiyar Afrilun shekarar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar a makonni biyun farko. Dalili mai kyau bai halatta kowace irin hanya ba.

Haka batun taro. Shekara da shekaru 'yan sanda na cewa sai da izininsu za a yi gangami. Bayan sun tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano a Satumba 2003 da hayaƙi mai sa hawaye, aka je kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa sharaɗin neman izinin ya saɓa wa tsarin mulki. Haka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wanda kotun ECOWAS ta ce ba bisa doka aka yi shi ba. Duk waɗannan gwamnati ta ce tsaro da zaman lafiya take karewa, kotu ta duba ta ce faɗar hakan kawai bai wadatar ba.

Akwai kuma 'yan bayanan da kan fitar da mutum daga uku, waɗanda rabin sa'a ta isa a koyar da su. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, sai fa in laifin mai hukuncin kisa ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban-haƙuri a bainar jama'a. Duk a sashe na 35 suke.

Sai dai duk wannan zai tashi a banza in makarantar da kanta tana ƙaryata darasin. Ba zai yiwu Malama ta gama bayanin sauraron kowane ɓangare da ƙarfe goma ba, da sha ɗaya a zane aji duka saboda mutum ɗaya ya yi surutu, ko a kori yaro a gaban asambuli ba a tambaye shi ba'asi ba. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa ta yarda malami ya hori ɗalibi, amma ta sa sharaɗin kada ya yi masa mummunan rauni, kuma kowa ya san ana tsallake sharaɗin nan. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan tarzomar 1983, ɗaya daga cikin dalilan shi ne shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ba zai zama mai ƙara kuma alƙali ba. Firinsifal da ya ɗauki wannan ƙa'ida, ya ce ba za a dakatar da yaro ba sai an ji ta bakinsa a gaban malamin da ba shi da hannu a rigimar, ya koyar da sashe na 36 ba tare da ya taɓa alli ba. In an ƙwace waya saboda dokar makaranta ta hana, a ajiye ta a kashe a ba uban yaro, kada a buɗe saƙonninsa ana karanta wa aji.

Wata rana kuma wani yaro mai kaifin basira zai ɗaga hannu ya ce, Malam, in karatu haƙƙina ne, me ya sa muke zaune a ƙasa? Gara a gaya masa gaskiya. Batun ilimi yana sashe na 18 ne, a babi na biyu, wanda kundin ya ce manufa ce ta gwamnati, ba abin da ake tilasta ta a kotu kai tsaye ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ce ta zo ta mayar da shekara taran farko kyauta kuma dole. Abin da ya rage tsakanin takardar da ajin da yake zaune, aikin masu zaɓe ne da waɗanda suka zaɓa, kuma nan da shekara biyar shi ma zai yanki katin zaɓe.

Dalilin da ya sa na nace a kan ƙaramar sakandare shi ne, a nan karatun dole yake ƙarewa. Daga aji uku yara da yawa a Arewa kasuwa suke wucewa, ko gareji, ko gona, ko ɗakin miji, kuma su ne za su fi cin karo da shingen hanya da caji ofis da kotun yanki. Babi na huɗu bai wuce 'yan shafuka ba. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna iya buga shi, Turanci a shafi ɗaya Hausa a ɗaya, a raba wa kowane ɗan aji ɗaya tare da littafin rubutu, a kuma tara malaman darasin na 'yan kwanaki lauyoyi su bi shari'o'in nan da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya tana da rassa a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato, ga kuma tsangayoyin shari'a a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo cike da ɗaliban da za su iya ba makarantar unguwarsu awa biyu a wata.